Babban Lauyan Gwamnatin Arewa: Asalin Muƙamin Da Waɗanda Suka Riƙe Shi

A Babban Kotu, in an kawo shari'ar laifi mai girma, irin su kisankai ko fashi da makami, ba a kiran sunan wanda aka cuta a ce shi ne mai ƙara. Sai magatakarda ya miƙe ya ce shari'a ce tsakanin Gwamnati da wane. Kafin shekarar 1963 kuwa sunan Sarauniyar Ingila a ke kira, ko da ya ke ba ta san mai laifin ba, ba ta kuma taɓa jin sunan garinsu ba. Da ya ke Gwamnati ba ta da bakin magana, Sarauniya kuma ba ta zuwa kotu, tilas a sami mutum guda wanda zai tsaya a madadinsu. Wannan mutum shi ne Babban Lauyan Gwamnati, wanda a ke kira Antoni-Janar.

Mun lura galibin malaman ofis da malaman makaranta sun iya lissafa sarakunan Zazzau tun daga Malam Musa, sun kuma san sunayen gwamnoni tun daga Lugga, amma in an tambaye su ko su wane ne suka riƙe wannan muƙami a ƙasar Arewa sai a yi tsit. Alhali kuwa dokokin da a ke ɗaure mutum ko a sake shi da su, a Sabon Gari ko Samaru ko ƙauyukan Shika, ta wannan ofis suka biyo. Saboda haka muka ga ya kamata mu bi tarihinsa, mu ga inda ya samo asali da mutanen da suka hau kujerarsa, domin mu san nauyin amanar da ke kanta.

Kafin zuwan Turawa

A tsarin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da jama'arsa suka kafa, babu muƙami irin wannan. A cikin littafinsa Kitabul Farƙi, Shehu ya ambaci mataimakan sarki guda huɗu: waziri, da alƙali, da shugaban masu tsaron gari, da mai tara haraji. Babu mai gabatar da ƙara a cikinsu, domin hanyar shari'ar ba ta bukace shi ba. A mazhabar Malikiyya, in an kashe mutum, magadansa su ne masu jini. Su za su kai ƙara, su za su kawo shaidu, in kuma laifi ya tabbata su ke da zaɓi: ko su nemi ƙisasi, ko su karɓi diyya, ko su yafe. In sun yafe, hukuma ta yi wa mai laifin bulala 100 ta tsare shi shekara guda. Sai fa kisan gilla, wanda a ke yaudarar mutum a kashe shi, shi ne magada ba su da ikon yafewa.

Ke nan a wancan tsari haƙƙin jini na dangi ne, alƙali da sarki masu raba gardama ne. A riƙe wannan da kyau, gama a kansa ne dukan rigimar da za ta biyo baya ta ke.

Asalinsa a Ingila

Turawan Ingila su kuma wata hanya suka bi. A wurinsu duk wanda ya yi babban laifi ya keta zaman lafiyar Sarki ne, don haka Sarki ne mai ƙara, dangin mamaci shaidu ne kawai. Tun cikin ƙarni na 13 sarakunan Ingila su kan ɗauki wani masanin shari'a ya riƙa tsaya musu a kotu, ya kare musu gonakinsu da kuɗin shigarsu. A shekarar 1461 aka fara kiran mai wannan aiki Antoni-Janar na Ingila. Har waɗansu larduna masu sarauta ta musamman, kamar Lankasta da Daram, aka ba su nasu Antoni-Janar dabam.

Manyan mutane sun riƙe shi. Akwai Edward Coke, daga 1594 zuwa 1606, wanda ya yi wa Sarauniya Alsabatu ta ɗaya da Sarki Jemis na ɗaya aiki da zafi ƙwarai. Amma da ya zama Babban Joji sai ya tsaya a kan cewa Sarki ma yana ƙarƙashin doka, har aka tuɓe shi a 1616. Tun daga wancan zamani muƙamin ke tafe da wannan tambaya: shin mai shi baran Sarki ne, ko kuwa baran doka? Da Ingila ta shiga mallakar ƙasashe, duk inda ta kafa tuta ta kan aika da mutum uku tare, Gwamna da Babban Joji da Antoni-Janar, tambayar kuma ta bi su.

Gwamna Lugga da Mista Gollan

Ran 1 ga Janairu 1900 Lugga ya ɗaga tutar Ingila a Lakwaja, ya ce Arewa ta shiga hannun Sarauniya. A lokacin bai ci Kano ko Sakkwato ba tukuna, Zazzau ma sai 1902 Turawa suka shigo ta, amma tun daga ranar farko ya tanadi ofishin Antoni-Janar, domin kowace doka da zai kafa sai an sami wanda zai tsara ta. A cikin waɗanda suka fara riƙe ofishin, wanda ya fi barin suna shi ne Henry Gollan. Ya yi Antoni-Janar na ɗan lokaci, sa'an nan a 1901 aka naɗa shi Babban Jojin Arewa.

Aikin da a ke tunawa da shi shi ne kundin dokokin laifuffuka na 1904. Ba daga kansa ya ƙago shi ba. Ya ɗauko kundin da Sir Samuel Griffith ya rubuta wa jihar Kwinslan ta ƙasar Ostareliya a 1899, ya gyaggyara shi. Daga nan Gollan ya wuce Bamuda, da Tirinidad, da Silon wadda a ke kira Siri Lanka yanzu, ya ƙare a Babban Jojin Hong Kong daga 1924 zuwa 1930. Haka rayuwar ma'aikatan mulkin mallaka ta ke, yau nan gobe can. Shi ya tafi, kundinsa ya zauna, har a 1916 aka shimfiɗa shi bisa Nijeriya duka, kuma shi ne tushen dokar laifuffuka ta jihohin Kudu.

Sai dai Lugga bai rushe kotunan alƙalai ba. Ya yi wa sarakuna alkawarin ba zai taɓa addini ba, ga shi kuma ba shi da isassun ma'aikata. Don haka ya bar alƙalai da majalisun sarakuna su ci gaba da hukunci bisa Malikiyya, ya hana yanke hannu da azabtarwa, ya kuma ce ba za a zartar da hukuncin kisa ba sai Gwamna ya sa hannu. Daga baya aka kasa kotunan daraja huɗu, mafi girma su ne na manyan sarakuna, har da na Sarkin Zazzau, waɗanda ke da ikon yanke hukuncin kisa. A gefe guda kuma ga kotun lardi, inda Razdan ke zama alƙali. Ba a yarda lauya ya shiga kotun alƙali ko ta Razdan ba.

Nan Zariya abin ya fito fili ƙwarai. Da jirgin ƙasa ya iso a 1911, Sabon Gari ya kafu kusa da tasha, ya cika da ma'aikatan reluwe da fatake daga Kudu da Saliyo da Gwalkwas. Su majistare Bature ke yi musu shari'a da dokar Turawa. Mutumin Birni kuwa, da na ƙauyukan Shika, alƙali ne nasa, da Risala da Muhtasar a gabansa. Tafiyar ƙafa ta hantsi guda ta raba mutum biyu masu laifi iri ɗaya, ta raba hukuncinsu.

Shekara 40 a Ikko

Da aka haɗa Arewa da Kudu a 1914, sai ofishin Antoni-Janar na Arewa ya mutu. Aka yi guda ɗaya a Ikko domin ƙasar duka, aka bar wa Arewa 'yan lauyoyin gwamnati masu ba Mataimakin Gwamna shawara. Cikin waɗanda suka riƙe na Ikko akwai Donald Kingdon, wanda ya tattara dokokin Nijeriya cikin kundin 1923, daga baya ya zama Babban Jojin Nijeriya daga 1929 zuwa 1946.

A wannan tsakani ne rigimar doka biyu ta nuna. A 1933 Gwamna Cameron ya soke kotunan lardi, ya kafa Babban Kotu da kotunan majistare, ya kuma buɗe hanyar ɗaukaka ƙara daga kotunan sarakuna zuwa gaban jojin Turawa. A 1947 sai ga shari'ar Tsofo Gubba. Wannan mutum ya kashe wanda ya kama da matarsa, kotun Sarkin Gwandu ta yanke masa hukuncin kisa bisa Malikiyya, domin a can tsokana ba ta sauke ƙisasi. Amma a kundin Gollan, wanda aka tsokana ya yi kisa cikin zafin zuciya ba a kashe shi, ɗauri a ke yi masa. Kotun ɗaukaka ƙara ta Afirka ta Yamma ta rushe hukuncin Gwandu. Sarakuna da alƙalai suka ji zafin abin, suka ce an warware alkawarin Lugga. Aka gyara doka a 1948, aka sake gyarawa a 1951, amma kowane gyara sai ya haifi sabuwar gardama. Ran mutum ya zama yana rataye ga irin kotun da aka fara kai shi.

Zamanin Marshall

Tsarin mulki na 1951 ya ba kowace jiha Sakataren Shari'a, na 1954 kuma ya mai da wa Arewa Antoni-Janar nata na kanta, bayan shekara 40. Wanda ya hau kujerar shi ne Hedley Marshall, ya kuwa riƙe ta har 1962. Yana zama a Majalisar Zartaswa tare da ministocin Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, kuma ta hannunsa kowace doka ke bi kafin a kai ta Majalisar Wakilai da Majalisar Sarakuna a Kaduna.

Mulkin kai ya ƙarato, ga kuma tsoro ta kowane gefe. Ƙabilun da ba Musulmi ba sun kai kukansu gaban hukumar Willink, wadda ta zaga ƙasar a 1957 da 1958, cewa suna tsoron kotunan alƙalai in Turawa sun tafi. 'Yan adawa na NEPU suna kukan ana amfani da kotunan En'e ana ɗaure su. Baƙin 'yan kasuwa suna son su san dokar da za ta hau kansu kafin su zuba dukiyarsu. Malamai su kuma suna tsoron kada a yi wa Shari'a riga-kafi da sunan gyara.

Gwamnatin Sardauna ta aika da wakilai Sudan da Libiya da Pakistan su gano yadda ƙasashen Musulmi suka warware irin wannan ƙulli. Sa'an nan a 1958 ta kira kwamitin masana shari'a na mutum 6. Shugabansa shi ne Sayyid Muhammad Abu Rannat, Babban Jojin Sudan. Sauran su ne Mai Shari'a Muhammad Sharif daga Pakistan, da Farfesa Anderson na Jami'ar Landan, da Shettima Kashim Wazirin Barno, da Mista Peter Achimugu, da Malam Musa Alƙalin Alƙalan Bida. Shawararsu ita ce a rubuta kundin laifuffuka guda ɗaya wanda zai hau kan kowa a Arewa, a kowace kotu, a bar wa Shari'a sha'anin aure da gado da sauran al'amuran iyali, a kuma kafa mata kotun ɗaukaka ƙara tata.

Tsara kundin ya faɗo kan ofishin Marshall, da taimakon Mista Richardson, Kwamishinan Kotunan En'e, wanda ya taɓa aiki a Sudan. Suka ɗauki kundin Sudan na 1899 ya zama madubinsu, shi kuwa daga kundin Indiya na 1860 aka samo shi. Dalilin zaɓensa shi ne an daɗe ana aiki da shi a cikin Musulmi ba tare da tashin hankali ba. Amma ba a kai shi Majalisa ba sai da kwamitin malamai ƙarƙashin Wazirin Sakkwato Malam Junaidu ya bi shi sashe sashe, ana tambaya ana ba da amsa, ana gyara abin da ya kamata. Ta haka ne aka bar shan giya ga Musulmi da zina cikin laifuffuka, aka kuma bar bulalar haddi.

Batun jini fa, wanda ya ta da rigimar tun farko? Kundin ya bi hanyar Turawa, ya mai da kisankai laifi a kan hukuma. Amma an bar wa magada ƙofa: in an yanke hukuncin kisa a kotun gargajiya, sai a kira dangin mamaci a tambaye su abin da su ke so, a rubuta, a aika wa masu ba Gwamna shawara kan jinƙai. Majalisa ta zartar da dokar a 1959, shekarar da Arewa ta sami mulkin kanta ran 15 ga Maris, ta fara aiki ran 30 ga Satumba 1960, ana gobe Nijeriya za ta sami 'yanci. A ranar ce doka guda ta hau kan wanda ya yi kisa a Sabon Gari da wanda ya yi a Birni. Marshall kuma shi ne ya shugabanci tattara dokokin Arewa cikin kundin 1963.

Makarantar Kongo da 'ya'yan ƙasa

Rubuta doka abu ne mai sauƙi a kan samun waɗanda za su yi aiki da ita. Alƙalan Arewa sun yi karatunsu a zaure, waɗansu kuma a Makarantar Shari'a ta Kano wadda aka buɗe a 1934. Ba su saba da kundi mai sassa da lambobi ba. Nan ne Zariya ta shigo cikin labarin. Makarantar horon akawuna da aka kafa a Kongo a 1947, wadda ta zama Makarantar Koyon Sha'anin Mulki, ita aka ɗora wa nauyin. Daga 1959 aka riƙa kawo alƙalai da muhutai da magatakardan kotu rukuni rukuni ana koya musu sabon kundi, aka fassara shi da Hausa, aka kuma ce da farko kundin ya zama musu jagora, kada a rushe hukuncinsu don sun yi tuntuɓe a kan ƙa'ida ƙarama. A nan kuma aka fara shirya samarin Arewa domin jarrabawar lauya ta Ingila. Wannan sashe ne ya zama Tsangayar Shari'a ta Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a 1962.

Ƙarƙashin Antoni-Janar akwai matakai. Akwai mai bi masa, akwai Daraktan Gabatar da Ƙararraki, sa'an nan ga ƙananan lauyoyi waɗanda a zamanin a ke kira Lauyoyin Sarauta, su ne ke yawo lardi lardi suna tsayawa a kotu da sunan Sarauniya. Ta wannan ƙofa ta ƙasa 'ya'yan Arewa suka shigo.

Mamman Nasir na Katsina ya zama lauya a Landan a 1955, ya kama aikin Lauyan Sarauta a 1956. A 1961 aka naɗa shi Ministan Shari'a na Jihar Arewa, ya riƙe har 1966. Daga baya ya shugabanci Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya daga 1978 zuwa 1992, ya zama Galadiman Katsina, ya rasu a 2019. Muhammadu Bello, shi ma Bakatsine ɗan gidan malamai, ya fara da Lauyan Sarauta, ya zama Daraktan Gabatar da Ƙararraki na Arewa a 1964, ya kuma zama mutumin Arewa na farko da ya hau kujerar Babban Jojin Nijeriya, daga 1987 zuwa 1995.

Na uku namu ne na gida. Muhammadu Lawal Uwais an haife shi a Zariya a 1936. Mahaifinsa Alƙalin Alƙalan Zazzau ne, daga baya ya zama Waziri. Ya bi ta makarantar Kongo, ya zama lauya a Landan a 1963, ya shiga ofishin Antoni-Janar a Kaduna a matsayin ƙaramin lauyan gwamnati. Shi ya gaji Bello, ya yi Babban Jojin Nijeriya daga 1995 zuwa 2006, ya rasu a 2025. A duba wannan da kyau. A gida ɗaya, uba yana hukunci da Muhtasar, ɗa yana gabatar da ƙara da kundin 1959. Abin da ya gagari Gollan da Kingdon, watau sanin shari'un nan biyu daga ciki, shi waɗannan samari suka tashi da shi.

Kujerar Antoni-Janar ita kanta ba ta bar hannun Turawa da wuri ba. Da Marshall ya sauka a 1962, Ian Lewis ne ya gaje shi, ya riƙe har 1966, sa'an nan aka ɗauke shi zuwa Kotun Ƙoli a Ikko. Akwai abin lura a nan: daga 1961 zuwa 1966 Ministan Shari'a dabam, Antoni-Janar dabam, mutum biyu ne a kujera biyu. Da Nijeriya ta zama jamhuriya ran 1 ga Oktoba 1963 aka cire sunan Sarauniya daga takardun ƙara, Lauyoyin Sarauta suka koma Lauyoyin Gwamnati.

Bayan rushewar Jihar Arewa

Sarki goma, zamani goma. Soja suka karɓi mulki ran 15 ga Janairu 1966, ran 27 ga Mayu 1967 kuma aka raba Arewa jiha 6. Lardin Zazzau da na Katsina suka zama Jihar Arewa ta Tsakiya, wadda aka sake wa suna Jihar Kaduna a 1976, Katsina ta fita a 1987. Ofis ɗaya ya rabu, har yanzu da jihohin Arewa suka kai 19 kowace da nata Antoni-Janar. A wannan zamani ne kuma, Sarkin Zazzau Muhammadu Aminu yana kan gado, aka soke kotunan sarakuna, aka ɗauke kotunan alƙalai daga hannun En'e aka mai da su ƙarƙashin gwamnatin jiha. A Jihar Kaduna har mata sun hau kujerar: Amina Dyeris Sijuwade a 2015, da Aisha Dikko a 2019. Kundin 1959 ma jihar ta maye gurbinsa da sabo a 2017, ko da ya ke a kan harsashinsa aka gina sabon.

Ikon nan uku

To, mene ne ya sa wannan tarihi ya shafe mu? Tsarin mulki na 1999, a sashe na 195, ya ce kowace jiha ta sami Antoni-Janar, wanda ya shekara 10 ko fiye da zama lauya, kuma shi ne Kwamishinan Shari'a. Kujeru biyun nan na zamanin Nasir da Lewis sun koma ɗaya. Sashe na 211 ya ba shi iko uku: ya shigar da ƙarar laifi a kan kowa, ya karɓe ƙarar da wani ya shigar, ya kuma janye ƙara a kowane mataki kafin a yanke hukunci. Na ukun nan shi ne mai nauyi. Da takarda guda mai sa hannunsa, shari'ar da aka shekara ana yi sai ta tsaya cik. A 1983, a shari'ar Ilori, Kotun Ƙoli ta ce kotu ba ta da ikon bin diddigin dalilinsa. Tsarin mulki na 1960 ya so ya kauce wa wannan haɗari, ya danƙa ikon ga Daraktan Gabatar da Ƙararraki, ma'aikaci wanda ba ya karɓar umurnin kowa. Amma kafin a fita 1963 an mai da shi ƙarƙashin Antoni-Janar.

Ga mutum guda ke nan, Gwamna ne ya naɗa shi, Gwamna ke iya sauke shi, tare su ke zaman majalisa, amma an ce in ya zo kan batun ƙara ya duba amfanin jama'a da adalci kaɗai, ya kuma hana a yi wasa da shari'a. Tambayar zamanin Coke ce ta dawo. Ingila ma ta sha wannan ɗaci. A 1924 Antoni-Janar Sir Patrick Hastings ya janye ƙarar wani ɗan jarida mai suna Campbell, aka zargi ministoci da sa baki, gwamnatin Ramsay MacDonald ta faɗi a kan haka. A 1951 wani magajinsa, Sir Hartley Shawcross, ya bayyana ƙa'idar da ƙasashe da yawa suka ɗauka: Antoni-Janar yana iya jin ra'ayin 'yan'uwansa ministoci, amma yanke shawara nasa ne shi kaɗai, ba ya kuwa duba ribar jam'iyya.

Kada a zaci wannan magana ta manya ce kurum. A ce an yi fashin shanu a wani ƙauye na Shika har an rasa rai. 'Yan sanda su kama wanda a ke zargi, su rubuta bayani, su aika da fayil Ma'aikatar Shari'a domin a ba da shawara ko akwai hujjar gurfanar da shi a Babban Kotu. Muddin shawarar ba ta fito ba, mutumin yana tsare, ko da laifinsa ko babu. Dangin mamaci su ma suna jira, gama haƙƙin da dā ya ke hannunsu yanzu yana hannun wannan ofis. In ofishin ya yi aikinsa, an share musu hawaye. In ya yi sakaci, ko ya janye ƙara don mai laifi yana da uwa a gindin murhu, an cuce su sau biyu, an karɓe musu haƙƙi ba a kuwa tsaya musu ba. Irin wannan ne ke sa mutane su fid da rai daga kotu su ɗauki doka a hannunsu.

Fayil kuwa ba ya tafiya da ƙafarsa. Akawu ne ke shigar da shi a rajista, shi ke aika shi, shi ke iya mantawa da shi cikin durowa wata shida. 'Yan'uwa malaman ofis, ku ma kuna da rabo a cikin wannan amana, ko da ba a rubuta sunanku a jerin masu muƙami ba. Mu kuma malaman makaranta, musamman masu horon waɗanda za su koyar gobe, wajibi ne mu sa wannan cikin darasin tarihi da na zaman ɗan ƙasa. Yaron da ya san akwai mai ikon janye ƙara, ya san kuma sharuɗɗan da aka gindaya masa, in ya girma zai iya tambaya a kan wane dalili aka janye. Tun da kotu ta ce ba za ta tambaya ba, Majalisar Dokoki da jaridu da jama'a su ne suka rage.

Muƙamin nan baƙo ne, Turawa suka zo da shi domin tsaron haƙƙin Sarkinsu. Yau ya shekara fiye da 120 a ƙasarmu, ya zama ɗan gari, kuma jinin talakawa aka ba shi ajiya. Allah ya ba masu riƙe da shi ikon faɗa wa wanda ya naɗa su gaskiya, ya jiƙan magabatanmu da suka yi aikin shari'a da tsoronsa, amin.